Rawanin da Muka Ɗaura wa Baba Garba

Na yi shekaru masu yawa a ofishin ƙungiyar direbobin haya ta unguwarmu, abubuwa da dama sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da Lahadin da muka ɗaura wa Baba Garba rawani ba. Ran nan dattawa sun yi ta sa mini albarka, suna cewa ɗan Malam Iro ya iya aiki. Ni ma na yarda da su, na koma gida ina jin kaina. Ku da kuka gaji teburina kun sha tambayata me ya sa nake ɗaure fuska duk lokacin da aka zo da maganar sauke tsohon direba daga mota. To ga dalilin. Zan faɗe shi yadda ya faru, har da wuraren da ni na ɓata.

Shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, zamanin shugaban ƙasa na farko, ba a daɗe da jirgin ƙasa ya fara kaiwa arewa ba. Ƙungiyar tamu ɗaki ɗaya ce a babban birnin ƙasar, a unguwar Briqueterie, wadda mu 'yan unguwa muke ce wa Birik. Alhaji Tanimu ne shugaba, ni kuma sakatare, don ni na yi lekol, wato makarantar boko, na iya Faransanci. Takardun kowace mota suna hannuna, da permi na kowane direba, wato lasisinsa na tuƙi. Kowace safiya ni nake rubuta takardar layi: wa zai tsaya kasuwar Mokolo, wa zai je tashar jirgi, kuma in an yi rasuwa ko mace tana naƙuda a unguwa, wa zai bar neman fasinja ya yi wannan aikin don Allah. Sunanka ya shiga takardar nan, ba ka da ta cewa. Sai kuma bizit, gwajin lafiyar da hukuma ta ɗora wa direban haya lokaci-lokaci. Yawancin mutanenmu ba sa jin Faransanci, saboda haka ni nake raka su in yi tafinta.

Baba Garba a Birik aka haife shi. Tun zamanin Faransawa ya fara jan babbar mota, yana ɗaukar buhunan 'ya'yan koko zuwa bakin teku, sai da ƙarfi ya fara raguwa ya sayi 'yar motarsa ya koma taksi. Rabin direbobinmu shi ya koya musu, har da Alhaji Tanimu. Mutum ne mai tsabta da barkwanci, bai taɓa kiran sunana ba, Akawu yake ce mini, wai tun da yake bai taɓa ganin wanda ke cin abinci da biro ba sai ni.

Yana da wata al'ada. In aka idar da la'asar, ko ka zuba masa zinariya ba zai ɗauke ka ba. Gida zai biya, matarsa Goggo Hajo ta ɗaure masa kwanon abinci a ƙyalle, ya nufi unguwar Elig-Edzoa wurin yayarsa, Iya Ladi. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ta rantse ba za ta bar ɗakin mijinta da ke kusa da layin dogo ba. Kullum sai ya kai mata abinci, ya zauna da ita har magariba ta kusa. Kowa a tasha ya san wannan. Har tsokanarsa ake yi, wai Baba ya tafi zance. Ku riƙe wannan da kyau, babu wanda bai sani ba, ni ma na sani.

Sai aka fara kawo mini magana a kunne. Ya goge teburin wata mai sayar da ayaba a Mokolo, bai ma san ya yi ba. Ya wuce ɗan sanda da hannu a sama, Allah ya sa ɗan sandan ya san shi. Wadda ta tayar mini da hankali ita ce ta unguwar Nkomkana, inda wata mata da goyo ta fito daga gefe, saura ƙiris. Direban da ya gani ya rantse mini Baba bai ko taka birki ba. Kowa yana faɗa mini, ba wanda zai faɗa masa. Na duba takardu na ga lokacin bizit ɗinsa ya kusa, na ce alhamdulillahi, bari likita ya ɗauke mana wannan kaya.

Gwajin ido na waɗanda ba su yi boko ba, allo ne mai wata alama kamar cokali mai yatsu, kai kuma kana nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Baba ya ci wannan, har ya juyo yana mini murmushi. Amma likitan bai tsaya nan ba. Ya zauna gabansa, ya ce ya kalli hancinsa kada ya motsa ido, sannan ya taho da yatsa daga gefe a hankali. Yatsan ya wuce kunne, ya wuce kunci, Baba bai ce komai ba, sai da ya zo daidai gaban fuskarsa. Aka yi ta hagu, haka. Aka yi daga ƙasa, haka. Na san akwai tafintocin da ke yin tari ko su motsa ƙafa a irin wannan wuri. Ni ban yi ba, kuma wannan kam ba na nadamarsa.

Likitan ya juyo wurina ya yi bayani da Faransanci. Ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, ba abin da wuƙa za ta gyara. Abin da ke gabansa yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, gefe da ƙasa kuwa babu. Ya ce ba zai sa hannu ba, in gaya masa kada ya ƙara tuƙi. Sannan ya ƙara da cewa in gaya wa iyalinsa kada a bar shi yana tafiya shi kaɗai a bakin titi, musamman da yamma in haske ya ragu.

Baba ya ce, "Akawu, me ya ce?"

Na kalli furfurarsa. Na ce, "Ya ce takardar ba ta shirya ba, Baba. Sai an sake kiranku."

Ya ce, "To."

Shi ya tuƙo mu zuwa gida, ina gefensa ina salati a zuci, ƙafata tana taka birkin da babu. Sai da muka shigo Birik ya kashe mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Faransancin likita ya yi tsawo, Akawu, Hausarka ta yi gajarta." Na yi dariyar yaƙe na fita.

Na sami Alhaji Tanimu na gaya masa likita ya hana tuƙi. Wannan rabin kawai na kai. Rabin na biyu, na tafiya a bakin titi, ban ɓoye shi da gangan ba, a raina maganar iyali ce, ba ta ofis ba, kuma na ce zan biya in gaya wa Goggo Hajo. Ban biya ba.

Alhaji ya riƙe haɓa ya ce, "Isiyaku, mutumin nan shi ya ɗora hannuna a kan sitiyari. Da wane bakin zan ce masa ya sauka? Kai za ka faɗa?"

Na ce, "Ni ma ba zan iya ba, Alhaji. Amma akwai hanya. Mu naɗa shi Sarkin Direbobi. Wanda aka ɗaura wa rawani ai ba zai koma yana kiran fasinja ba."

Alhaji ya tashi ya kama hannuna. Ya ce boko bai tashi a banza ba.

Muka tsara komai, a ganinmu. Motar za a ba Hamidu, ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya koya wa, magidanci ne mai amana, ya riƙa aiki da ita yana kai wa gidan rabonsu, saboda haka tukunyar Goggo Hajo ba za ta sauka ba. A ofis za a ajiye masa kujera, duk rigimar da ta tashi tsakanin direbobi shi zai yanke. Abincinsa mun duba, mutuncinsa mun duba. Na rubuta wannan duka a shafi biyu, na buga hatimi.

Ranar Lahadi bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ofis. Liman ya zo, dattawan unguwa suka zo, aka raba goro. Aka ɗaura masa farin rawani, ya yi masa kyau ƙwarai. Alhaji Tanimu ya tashi ya yi jawabi, ya ƙare da cewa, "Daga yau Sarki ba ya tuƙi, sai dai a tuƙa shi." Aka yi dariya, aka tafa. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya riƙe shi ya ɗan jima, sannan ya kira Hamidu ya miƙa masa. Ba wanda ya ce ya bayar, da kansa ya bayar. Da aka watse na durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Akawu, wannan rubutun hannunka ne." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Har yau ban san da wace zuciya ya faɗa ba.

An ce sai dai a tuƙa shi, an tafa. Wa zai tuƙa shi, da ƙarfe nawa, zuwa ina, ba wanda ya faɗa, ni kuma ban rubuta ba.

Hamidu ya yi ƙoƙari daidai gwargwado. Washegari bayan la'asar ya je gidan ya ce, "Baba, akwai inda zan kai ku?" Baba ya ce, "Je ka nemi abinci, yanzu ma'aikata suke tashi." Gaskiya kuwa, wannan lokacin ne taksi ke cika. Hamidu ya sake tambaya bayan kwana biyu, amsar ba ta canja ba, sai ya bari. Da ya gaya mini, na ce wataƙila wani ɗan'uwa ne yake kai shi. Shi kuma ya ɗauka ofis ya tsara wani. Haka kowa ya jingina da kowa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mun fi kowa sanin halin dattawanmu. In babba ya zo gidanka, ba ka ce masa ko zai ci abinci, don ka san zai ce ya ƙoshi. Kwano kake ajiyewa a gabansa ka fita. Tun muna yara aka koya mana wannan. Amma da aka zo kan mota sai muka koma tambaya. Ga shi kuma mun ƙara masa nauyi da hannunmu. Da Baba Garba ne kawai, ya iya tsayawa bakin titi ya ɗaga hannu. Sarkin Direbobi fa? Duk taksin da zai tsaya, ko dai yaronsa ne ko yaron yaronsa, ba mai karɓar kuɗinsa, kuma ya san kujerar da ya zauna ta fasinja ce. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaukar mutane ba zai yarda ya zama kaya ba. Sannan a tarbiyyarmu ba a tare babba a ce masa ina za ka.

Da safe yana zuwa ofis, ya yi sulhu, ya yi barkwanci, direbobi suna cewa tun da aka naɗa shi rigima ta ragu. In an yi azahar ya tafi gida. Muna ganin komai ya zauna daidai.

Wata uku da naɗin na gan shi da idona. Ina kan mobilet, ƙaramin babur ɗina, wajen unguwar Nlongkak, ina sauri in kai wasu takardu kafin a rufe ofis. Sai ga shi a gefen titi, babu rawanin, hula ce kawai, yana tafiya a hankali yana juya kai dama da hagu kamar mai neman wani abu. Na tsaya na sauka na gaishe shi.

Na ce, "Ranku ya daɗe, a ƙafa?"

Ya ce, "Miƙe ƙafa nake yi, Akawu. Zaman kujerar da kuka ba ni zai kashe ni. Je ka, kada a rufe maka ofis."

Na ga ƙullin kwano a hannunsa, ya ɗan ja shi cikin babbar riga. Na gane kwanon, na gane hanyar, maganar likita ta faɗo mini a rai. Amma na ga in na matsa, na tona masa abin da yake rufewa. Na ce a zuciyata gobe zan yi magana da Alhaji. Na hau mobilet na tafi, na kai takardun a kan lokaci. Gobe ta zo da rigimar wani direba da jandarma, jibi ta zo da tata. Na bar kaza cikin gashinta.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san hanyar nan a wancan lokaci ba. Daga Birik zuwa Elig-Edzoa hawa ne da gangara, kwalta a wani wuri, jar laka a wani, ga manyan lambatu a buɗe ba murfi. Matashi mai ido biyu sai ya yi hankali. Shi kuma ya haura saba'in, bai saba tafiyar ƙafa ba tun yana saurayi, kuma ba ya ganin inda yake sa ƙafarsa. Haka ya yi ta yi kullum, zuwa da dawowa.

Da babbar damina ta kama, wata Laraba aka tsuge da ruwa bayan la'asar. Yadda masu sayar da gasasshiyar masara na wurin suka ba da labari daga baya, ya kusa isa, wata motar katako ta danno masa oda daga baya. Ya matsa gefe don ya ba ta hanya, kamar yadda duk direba zai yi. Gefen nan lambatu ne mai zurfi, ruwa yana gudu a ciki. Matan ne suka yi ihu aka ciro shi. Ba wanda ya san shi a wurin, don sun saba ganin motar ne, ba mutumin ba. Wani mai kirki ya kai shi asibiti. A gida kuma Goggo Hajo ta ɗauka ruwa ne ya tsare shi ya kwana wurin yayarsa, don ya taɓa yin haka.

Da safe ina rubuta layi sai ga ɗan sanda da katin ƙungiya a jiƙe. Tawadar ta zube, sunan ba ya karantuwa, amma hatimin da sa hannuna suna nan. Ya ce ko na san mai wannan. Na bi shi asibiti, ashe Baba ne.

Ƙashin ƙugu ne ya karye, sanyi kuma ya shiga ƙirjinsa. Na same shi kwance, fuskarsa ta faɗa a kwana ɗaya. Na tsaya daidai gabansa don ya gan ni. Na shirya jin faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Akawu, an kai wa Yaya abinci?"

Ba wanda ya kai. Na fita na karɓi kwano wurin Goggo Hajo, na sa Hamidu ya kai ni. Wannan ne zuwana na farko gidan. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, in jirgi ya wuce kwanon rufin yana rawa. Wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Ewondo, Mama Ana, ita take share mata ɗaki da safe, ita ta nuna mana. Ta ce tun jiya da yamma tsohuwar ta sa aka fito da ita bakin ƙofa, da kyar ta yarda aka mai da ita ciki. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne, na gaya mata abin da ya faru, na sassauta iya yadda zan iya.

Ba ta yi kuka ba. Maganarta tana ɗan ja saboda ciwon, amma na ji kowace kalma. Ta ce, "Wata biyar ke nan da ƙafa yake zuwa. Wai motar tana gareji. Ni na goya Garba, ni zai yi wa ƙarya? Sau uku yana zuwa da gwiwa a ƙuje, da hannun nan ɗaya nake wanke masa. Na ce ya bari, ya ce in ya bari wa zai zo."

Sannan ta ce, "Kai ne mai rubutun nasu?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "Motoci nawa ne a ƙungiyar taku?"

Na ce, "Arba'in da 'yan kai."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Masha Allah."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Hamidu yana tsaye bayana, sai na ji ya fita.

Daga ranar na buɗe sabon layi a takarda. Kullum bayan la'asar direba ɗaya zai biya gidan Baba ya ɗauki kwano ya kai Elig-Edzoa. Ba wanda ya yi gunaguni, har rige-rige suke yi. Abin bai ɗauke ni minti biyu ba wajen rubutawa. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago, sai bayan nan na gano biro yana aljihuna tun farko.

Da a nan na tsaya da ɓata, da na ce ƙuruciya ce. Amma na sake. Bayan an sallamo Baba, aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin zaure, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Na ce masa, "Baba, ko mu ɗauko muku Iya ta gan ku?" Ya ce, "A'a, kada ta gan ni haka, hankalinta zai tashi. Bari in miƙe, da ƙafata zan shiga mata." Na je wurinta na ce ko mu kawo mata shi. Ta ce, "Kada ku wahalar da shi, ƙashi ba ya son jijjiga. Ku ce ina gaishe shi." Na ce to. Na zama ɗan aike, ina kai gaisuwa ina dawo da gaisuwa. Kowane zuwa sai ya tambaye ni ko ta rame, ita kuma ta tambaye ni ko yana cin abinci. Mutum biyu da ba su taɓa kwana biyu ba su ga juna ba, ni kuma na sake tambaya, na sake karɓar a'a na sa a aljihu. Likita ya riga ya gaya mini ba zai ƙara miƙewa ba. Na sani, kuma ina jin shi ma ya sani.

Wata biyu da 'yan kwanaki aka yi a haka. Wata safiya Mama Ana ta aiko wani magidanci maƙwabcinsu ya same ni a ofis, ya ce ta shiga shara ta tarar tsohuwar ta cika. Za a yi jana'iza bayan azahar.

Wannan karon ban tambayi kowa ba. Na rubuta sunan Hamidu, na rubuta na Baba a gefensa. Muka je mu huɗu, Alhaji Tanimu da kansa ya durƙusa ya gaya masa. Ya yi salati, ya rufe ido. Muka kama bakin katifar muka ɗaga shi, bai ce a'a ba. Muka kwantar da shi a bayan motarsa, na zauna na ɗora kansa a cinyata. Hamidu ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami, hawaye yana zuba yana sharewa da kafaɗa. Muka hau, muka gangara, muka wuce lambatun, muka tsaya a ƙofar ɗakin. Hamidu ya kashe mota.

Baba ya buɗe ido ya ce, "Me ya faru? Mota ta lalace?"

Na ce, "Mun iso, Baba."

Can ya ce, "Ashe kusa ne."

Aka yi jana'izar, muka mai da shi gida. Shi ma bai kai wata daminar ba.

Bayan arba'in ɗinsa na tashi a gaban taron ƙungiya na faɗi duk abin da na faɗa muku yanzu, har da rabin maganar likita da na riƙe. Alhaji Tanimu ya so ya tare ni, ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce, Alhaji, amma da hannuna ta biyo. Daga nan ne aka kafa dokar da kuka tarar, wadda wasunku suke gani kamar ɓata lokaci. Ba a karɓar makullin dattijo sai sakatare ya zauna da iyalinsa ya rubuta duk inda yake zuwa a mako, masallacin Juma'a ne, asibiti ne, gidan 'yarsa ne, majalisar abokansa ce. Kowane wuri a sa sunan direba da lokaci a takardar layi. Direban kuma ba tambaya aka aike shi ya yi ba. Ya tsaya a ƙofa, ya buɗe mota, ya jira har a shiga. In likita ya yi magana, a faɗa wa mai jikin duka, da ladabi, amma duka.

Sauke Baba daga mota daidai ne, ko yau aka dawo da ni zan sake yi, don matar nan mai goyo ita ma rai gare ta. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, direba ba don son sitiyari yake riƙe makulli ba, akwai inda makullin yake kai shi, kuma in kun karɓa, wurin nan bai matso ba. Mutanenmu sun iya girmama babba, mun iya rawani da jawabi. Amma kunyar da muke ji ta faɗa masa gaskiya, da kunyar da yake ji ta roƙon mu, in suka haɗu, shi kaɗai suke bari a kan hanya.

Kada ku ɗauka don na san wannan na fi shi. Bara 'ya'yana suka ajiye mini mobilet, suka ce hannuna yana rawa, kuma gaskiyarsu. Jiya bayan la'asar babban ya leƙo da makullin motarsa a hannu, ya ce, "Baba, akwai inda za ku je?" Na ji bakina ya ce babu, je ka abinka. Ya tafi. Alhali akwai.